Kwana Biyun Zuwaira Mai Gishiri

Duk wanda ya taɓa sayen gishirin Awe a kasuwar Lafiya ya san Zuwairatu, ko da bai san sunanta ba. Ita ce matar nan da ke zaune a layin masu daddawa, bayan tulin gishiri mai ruwan toka, wadda in tana auna maka mudu ba ta kallon idonka, sai dai hannunka. Wasu sun ɗauka girman kai ne, wasu suka ce ustazanci. Babu ko ɗaya. Ƙurajen fuska ne suka koya mata sunkuyar da kai tun tana 'yar shekara goma sha huɗu, ga shi ta ba talatin baya ba su sallame ta ba. An ce mata na balaga ne, da ta yi aure za su tafi. Ta yi auren, suka bi ta ɗakin miji suka zauna daram, sai ka ce da su aka ɗaura.

A Awe aka haife ta, 'yar fari ce a wurin Inna Rekiya, wadda ta ƙarar da ƙuruciyarta a fadamar gishiri. Aikin na mata ne, kuma na rani. Su ɗebo ruwan fadama su yayyafa a ƙasa, su bar wa rana. Rana ta shanye ruwan ta bar fari-fari a sama, su kankare ƙasar, su zuba a tukwane masu huji su tace, sannan su dafa ruwan har ya ƙafe ya zama gishiri. Sauran mata da harshe suke gane ko ya kai. Inna Rekiya ba ta ɗanɗanawa. Takan ɗan tsakura ta murza tsakanin yatsu biyu, idonta na kallon wani wurin, ta ce "Da saura," ko kuwa ta ce "Ya yi." Iyakar yabonta ke nan a duniya, kuma ba ta cika kashe shi a banza ba.

Da waɗannan yatsun ta yi abin da ya tsaya mata a rai har tsufa. Zuwaira na shekara goma sha biyar, fuska ta cika ta tumbatsa, sai wata maƙwabciya, irin masu maganin kowace cuta ban da tasu, ta ce ai ga magani a gida ana nema a dawa: ɗanyen gishiri da lemun tsami. Inna ta zaunar da yarinyar, ta matse kanta tsakanin gwiwoyi, ta dirje fuskar nan safe da yamma har kwana uku. Fuska ta kumbura, ta yi ruwa, ta ɗauki wata guda tana warkewa. Da ta warke sai ta bar ƙananan ramuka a kumatu biyu, ƙurajen kuwa suka dawo abinsu.

Tun daga ranar Inna ba ta ƙara taɓa fuskar 'yarta ba, ba ta kuma ƙara kallon ta ido da ido ba. Mutanen gida suka ce kunyar 'yar fari ce, har suna yaba mata. Zuwaira dai ta san ba haka ba ne, don tana tune da lokacin da Inna kan ja ta ƙuryar ɗaki in ba kowa, ta riƙe mata haɓa ta zizara mata kwalli. Ta yi kewar wannan riƙon haɓar fiye da yadda ta taɓa faɗa wa kowa.

Mahmuda direba, mai jigila tsakanin Lafiya da Awe, shi ya aure ta ya kawo ta unguwar Bukan Sidi a Lafiya. Yakan ce shi tafiyarta ya fara gani daga baya, kafin ta juyo aikin gama ya gama. Shi ke ɗauko mata gishirin Inna, ita ta sayar. Tsawon shekarun nan babu abin da ba ta gwada ba: sabulun salo, kurkur, man kaɗanya, da wani kirim na kanti da ya mai da fuskarta kala biyu kamar gwanda. Da aka ce gyaɗa ke kawo ƙurajen, ta haƙura da ita shekara shida, a garin da ko gaisuwa ka je sai an ba ka gyaɗa. Daga baya ta gaji, ta koma cin abarta.

Sai idon Inna ya fara tafiya. Likita ya ce hawan jinin ido ne, abin da ya tafi ya tafi, maganin ɗigawa sai dai ya rage masa sauri. Duniya ta riƙa tsukewa a idonta daga gefe, har ya zama kamar mai leƙe ta cikin kara. A ɗaki ba ta ganin komai, da yamma ma haka. Sai in an fito tsakar gida rana ta take sosai, sannan take iya ganin abin da ke gabanta.

Wata ranar Juma'a Zuwaira ta je gaishe ta. Tana tsugune a tsakar gida tana tsince shinkafa, rana na dukan ta, sai jikinta ya ba ta ana kallon ta. Ta ɗago a hankali. Inna ce, ta kafe ta da ɗan abin da ya rage mata na gani, karo na farko cikin shekara goma sha tara. Da suka haɗa ido tsohuwar ta kau da kai, ta ce, ba da kowa ba, "Da abin da zan tafi ke nan a idona. Aikin hannuna."

Zuwaira ta ci gaba da tsince shinkafarta. Amma a mota, har suka wuce garin Obi, maganar na yi mata kai-kawo. Ta ƙudura a ranta cewa kafin ƙofar nan ta rufe, sai Inna ta ga wata fuskar da za ta tafi da ita.

Mai nema yana tare da samu. Cikin masu sayen gishirinta akwai wata nas, Doofan, 'yar Tibi mai fara'a, wadda ta koyi Hausarta a kasuwa, mace da namiji duk "ka" take ce musu. Ita ce wata rana ta leƙa ƙarƙashin mayafin Zuwaira ta ce, "Madam, wannan abu yana damun ka, ko? Ka zo wurinmu. Likita ya kawo wani fitila, da haske muke kashe shi."

Zuwaira ta yi dariya, don ita a saninta haske tona ƙuraje yake yi. Amma ranar Litinin sai ga ta a ƙaramin asibitin fatar.

Likitan ya yi mata bayani da haƙuri. Akwai wani mai da za a shafa, ya ratsa ƙofofin gashi ya shiga inda maiƙo ke taruwa. Shi kaɗai ba ya komai. Sai an haska masa fitila yake farkawa, ya kashe ƙwayoyin da ke kawo ƙurajen, ya rage maiƙon. Za a yi sau uku, wata-wata. Ramukan da, ya ce, ba aikin fitilar ba ne, kada ta sa rai. Zuwaira ta gane sarai, har ta ba shi mamaki. Ai ruwan fadama ma haka yake, ruwa ne kawai sai rana ta taɓa shi.

Doofan ta wanke mata fuska, ta shafa man mai sanyi, ta bar ta a wani ɗaki mai duhu-duhu fiye da awa guda. Rabon da wani ya taɓa fuskar nan da tattausan hannu har ta manta. Sannan aka kwantar da ita, aka rufe mata ido da baƙin tabarau, aka jawo fitilar. Ko ta cikin tabarau sai da ta ga duniya ta koma ja, ja irin na garwashin da ke ƙarƙashin kaskon gishiri. Fuskar ta fara tsikari kamar tururuwa na yawo a kai, sannan ta koma yaji. Doofan ta kunna mata fanka. Cikin jan nan da iskar nan Zuwaira ta ji tana lilo, ta ga fadamar Awe shimfiɗe fari fat har iyakar gani, mata na tafe a jere da tukwane, ba ƙarar sawu, ita kuma tana 'yar ƙarama tana bin bayan zanen Inna. Da aka kashe fitilar sai da aka kira ta sau biyu.

A bakin ƙofa Doofan ta ba ta kati mai ɗauke da ranar dawowa, bayan sati huɗu, ta riƙe mata hannu ta ce, "Ka ji ni da kyau, Madam. Maganin yana nan cikin fatarka, bai mutu ba. In rana ya taɓa ka, zai ƙone ka, ya bar baƙi wanda ba ya fita da sauri. Kar ka fita rana, kwana biyu. Ko na taga, abeg."

"Kwana biyu," in ji Zuwaira.

"Kwana biyu."

To, a nan gizo ya yi saƙarsa. Doofan a makaranta ta koyi lissafi, a kasuwa ta koyi Hausa, biyu a wurinta biyu ce. Zuwaira kuwa da Hausar aka yanke mata cibiya. A kunnenta kwana biyu shi ne abin da kake ce wa wanda ka yi wata uku ba ka gani ba. Wanda ya yi jinyar shekara ma cewa ake ya kwanta kwana biyu. Ta duba katin, ta ga sati huɗu, ta ce lalle ga iyakar kwana biyun nan an rubuta mata. Da ta nuna wa Mahmuda shi ma bai yi musu ba. Ya ce, "Ai haka suke. Bakanike ma in ya ce maka kwana biyu, mota sai ta yi wata a gareji." Akwai lambar waya a bayan katin. An ce matambayi ba ya ɓata, amma wadda ta shekara ashirin kanta a ƙasa ba ta saba tambaya ba. Ga kuma kalmar nan, ƙonewa. Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya yi tsalle.

Ta bar wa maƙwabciyarta ta kasuwa rumfa, Mahmuda ya rataya zannuwa biyu a taga, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Bazara ce, zafin Lafiya kuwa ba ya bukatar gabatarwa, balle a ƙarƙashin kwano. Shara da girki da wanka duk kafin fitowar rana, sauran sai bayan magariba. Inna kuwa ta waya aka ce mata hidima ce ta yi yawa, don Zuwaira ta san in tsohuwar ta ji an sake sa wa fuskar nan wani magani, barci ya ƙaurace mata.

A kwanon ɗakin akwai hujin ƙusa guda ɗaya. Da hantsi sai wani siririn zaren haske ya sauko ta nan, ya ajiye ɗigo kamar kwabo a kan siminti. Shi ya zama abokin zamanta, shi ne kuma abin tsoronta. Yakan taso daga gindin gado, ya ratsa tsakiyar ɗaki a hankali, ya hau akwati, la'asar ta yi ya ɓace a bango. Tana janye tabarma daga hanyarsa kamar mai ba babba wuri. Da shi take gane azahar. Wani lokaci takan zauna ta zuba wa ƙurar da ke iyo a cikinsa ido, har ta rasa ko a farke take. Sallamar masu talla, kukan tattabarun maƙwabta, faɗuwar mangwaro a kan kwano, duk sukan zo mata kamar daga wani gari. Takan ce a ranta, watakila haka Inna ke ganin duniya yanzu, duhu ko'ina da ɗan kwabo ɗaya na haske.

Satin farko fuskar ta yi ja, ta kumbura, ƙurajen suka fito gaba ɗaya kamar an yi musu gayya. Ta yi kuka, ta ce ta sake jawo wa kanta. Sai fatar ta bushe, ta fara saɓulewa siriri-siriri kamar bawon albasa. A sati na biyu ta shafa goshinta da safe ta ji hannunta ya wuce sumul, bai ci karo da komai ba. Ta sake shafawa. Ta ɗauko madubin da ta daɗe da kifewa a ƙasan akwati, amma duhun ɗakin bai bar ta ta ga komai sosai ba, sai inuwar wata mata da ta yi kama da ita. Daɗi ya kama ta har ta ji kunyar kanta, mace da girmanta tana murmushi ita kaɗai.

Mahmuda na kawo labarin Awe duk bayan kwana uku. Da fari ya ce Inna na gaishe ta, ta ce kwana biyu. A sati na uku ya shigo ya zauna bakin gado, ya daɗe yana juya makullin mota a hannu.

"Yau na gaishe da Inna a tsakar gida," ya ce. "Ta amsa, amma turmi take kallo."

Zuwaira ta miƙe. Ta kira waya, Inna ta ce ido da sauƙi, alhamdu lillahi, kamar yadda take faɗa kullum. Mahmuda ya ce ta shirya ya kai ta da asuba, a rufe. Amma kai ta a rufe me zai yi? Inna ba ta gani sai a tsakiyar rana. In tana so a gan ta, dole ta tsaya a cikin abin da aka hana ta, ta buɗe fuska. In kuwa ta ƙone ta yi baƙi, to da wannan Inna za ta tafi, ƙuna a kan ƙuna. Ta ƙirga abin da ya rage a katin, kwana tara. Ta zauna tana kallon ɗigon hasken nan yana hawa akwati, tsoro biyu na jan ta, kowanne ta gefensa. Ta ce za ta jira. Idon da ya yi shekara biyu yana tafiya, in Allah ya so, zai ƙara mata kwana tara.

Ranar da katin ya cika ta isa asibitin da sassafe, da niƙabin aro, da safar hannu, da lema a buɗe, ba ruwa ba alamarsa. Doofan ba ta gane ta ba sai da ta yaye. Nas ɗin ta riƙe haɓarta ta juya ta wajen taga, Zuwaira ta zabura ta ja baya.

"Mene ne? Kai, Madam, ka yi kyau fa. Amma me ya sa ka yi fari haka kamar wanda ya fito asibiti? Na je kasuwa sau uku ban gan ka ba."

"Ai ina ɗaki, Sista. Kin ce kwana biyu."

"Eh, kwana biyu."

"To, shi ne na zauna."

Doofan ta dube ta, ta dubi lemar, ta dubi safar hannun. Dariya ta taso mata, har ta fara, sai ta ga idon Zuwaira ta haɗiye abarta. Ta ɗaga yatsu biyu. "Ɗaya, biyu. Litinin, Talata. Laraba ka fita abinka, ka sa hula ko mayafi, shi ke nan. Wata ɗaya ka yi a ɗaki?"

Zuwaira ta tsaya tana kallon yatsun nan biyu. Gajeru ne ƙwarai. Ta nemi wanda za ta ji haushi ta rasa, don matar nan gaskiya ta faɗa, ita ma kuma gaskiya ta ji. Doofan ta yi ta ba da haƙuri, ta ce bari ta shirya fitila a yi na biyu yau.

"In an yi, wani kwana biyun ne?"

"Na gaskiya. Ɗaya, biyu."

"Ba ni da su," in ji Zuwaira. "Zan dawo."

Ta naɗe lemar ta bar ta jingine da benci, ta fita. Rana ta sauka a fuskarta kamar ruwan ɗumi, ta runtse ido ta tsaya jiran ƙuna, ba abin da ya faru. Ta wuce tasha. Mahmuda na kan layi, saura mutum huɗu mota ta cika. Ya dubi fuskarta a fili, sannan ya tada mota da kujerun a haka.

Sun shiga Awe rana na tsaka. Inna Rekiya na zaune a kan tabarma a tsakiyar gida, inda babu inuwa ko ta tsinke, ta ɗaga fuska sama, idanunta a buɗe. Zuwaira ta yi sallama.

"Ke ce?" in ji tsohuwar. "Kwana biyu."

"Kwana biyu, Inna."

Ta zo ta durƙusa daf da ita, ta zame mayafi, ta ɗaga kai yadda ba ta taɓa ɗagawa a gaban kowa ba. Ta jira. Idanun Inna suka bi ta kanta suka wuce, suka tsaya a kan katanga.

"Ina jin zafinta a goshina," Inna ta ce, "shi ya sa nake fitowa. Amma tun Juma'ar da ta wuce aka rufe."

Juma'ar da ta wuce, kwana uku ke nan, na gaskiya. Zuwaira ta faɗa mata komai, man da fitilar da ɗakin da hujin ƙusa, da yatsu biyun Doofan, tana faɗa hawaye na zuba. Ta ce, "Na so ki gani ne, Inna. Sun kwanta. Wallahi sun kwanta."

Wata kaza ta ratsa tsakaninsu ta wuce. Tsohuwar ta goge tafukanta a zane, ciki da baya, kamar yadda take yi kafin ta taɓa sabon gishiri.

"Matso."

Hannun ya zo yana lalube, ya sami kunne, ya gangaro ya riƙe haɓa. Kaushinsa na nan, da warin hayaƙi da gishiri. Yatsun suka hau goshi suka bi shi daga wannan gefe zuwa wancan, suka sauko ta karan hanci, suka zagaya haɓa, a hankali, suna ɗan murzawa. Da suka iso kumatu sai suka tsaya cik a kan ramukan.

"Waɗannan nawa ne."

"Suna nan, Inna. Ba sa ciwo. Sun daɗe ba sa ciwo."

Babban yatsan ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, ya share ruwan da ya taru a cikinsu, ya koma goshi ya sake bin sa tun daga farko.

"Ya yi," in ji Inna Rekiya.

Amma ba ta ɗauke hannun ba. Mahmuda ya leƙo daga zaure zai ce su koma inuwa, ya ga yadda suke, ya juya. Zuwaira ta rufe ido ta bar fuskarta a tafin uwarta, rana na dukan su su biyu, har aka kira azahar.